Wuƙar Aljihu: A Raba Kayan Aiki da Makami

Sanin kowa ne cewa a karkarar ƙasar Hausa akwai wasu 'yan abubuwa da magidanci ba ya barin gida sai da su: hula a ka, carbi ko asuwaki a aljihu, 'yan kuɗin cefane, sai kuma ƙaramar wuƙa. Haka muka taso muka tarar, kuma babu wanda ya ɗauki wannan a matsayin alamar mugun nufi. To amma tun da tsaro ya taɓarɓare a gabashin Jihar Sakkwato, wato yankin Wurno da Rabah da Goronyo da maƙwabtansu, wannan 'yar wuƙa ta koma abin da kan jawo wa mai ita tambayoyi a shingen bincike, wani lokaci ma, kamar yadda mutanen karkara ke kokawa, har da ƙwace da cin mutunci da tara marar rasit. Abin da nake so mu duba a wannan fili shi ne, ina iyakar da ta raba wuƙar aiki da makami, kuma alhakin wane ne ya shata ta?

Da yake nazarin harshe ne sana'ata, mai karatu zai yi mini uzuri in fara da kalmomi. Bahaushe bai yi wa duk ƙarfe mai kaifi kuɗin goro ba. Aska ta wanzami ce, lauje na mai yankan shinkafa ko ciyawa, gizago na masassaƙi, adda ta mai saran daji, ga kuma wuƙar fawa a hannun mahauci. Takobi da mashi da barandami kuwa an san na fagen fama ne. Ita wuƙa, wadda Basakkwace kan kira yuƙa, tana tsakiya, domin ta kowa ce, tun daga uwargida mai yanka kuɓewa har zuwa liman ranar Layya. Kalmar makami kanta tana da darasi. Daga aikatau kama aka ƙirƙiro ta, ta hanyar da aka samar da mabuɗi daga buɗe, da madubi daga duba, da magirbi daga girba. Ke nan asalin ma'anarta abin da ake kamawa a hannu. Daga wannan tushe ne kuma muka sami makama, wadda muke amfani da ita idan muka ce wane ya san makamar aiki. Tushe ɗaya ya haifi kalmar faɗa da kalmar ƙwarewa. Harshen da kansa yana shaida mana cewa hannun da ya kama ƙarfe, da niyyar da ke zuciyar mai hannun, su ne ke yanke hukuncin abin da ƙarfen zai zama.

Duk wanda ya san wannan yanki ya san rayuwarsa ta rataya ne a kan Gulbin Rima. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala ginawa a 1984, tana iya ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 942, kuma daga gare ta har zuwa fadamun Wurno noman rani ne ke riƙe da dubban gidaje: albasa da tafarnuwa da shinkafa da tattasai. Manomin albasa yana buƙatar wuƙa ya yanke lawashi bayan ya cire amfaninsa, ya yanka igiyar ɗinke buhu, ya gyara bakin tiyon injin ban-ruwa idan ya tsage. Masunci yana buƙatar ta idan komarsa ta sarƙe, da kuma wajen gyaran kifi. Makiyayi da ita yake yanka igiya, ya sassaƙe sanda, ya cire ƙaya daga kofaton dabba. Mai rake da ita yake feraya, mai ƙwarya da ita yake fafewa. Tunda an ce ba a fafe gora ranar tafiya, ai ba ranar da buƙata ta taso ne mutum zai koma gida neman wuƙa ba, alhali gonarsa na nesa da gari.

Akwai kuma wani dalili da 'yan birni kan manta. Idan akuya ko tunkiya ta faɗi a jeji tana shure-shure, tazarar da ke tsakanin halattaccen nama da mushe ba ta wuce 'yan mintoci ba. Talakan da dabbar nan ce asusunsa, idan babu wuƙa a jikinsa, ya yi asara biyu, ba dabba ba nama. Addini ma ya hore mu da mu wasa wuƙa kafin yanka domin a sauƙaƙa wa dabba, kamar yadda ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da ƙarfe ko da wasa. Haka nan malamin zaure da almajirinsa da ƙaramar wuƙa suke fiƙe alƙalamin kara. Hasali ma, sunan da Turawan Ingila suka ba ƙaramar wuƙar aljihu ma'anarsa wuƙar alƙalami, domin da ita suke fiƙe gashin tsuntsun da suke rubutu da shi a da. Ashe mu da su hanya ɗaya muka biyo.

Babu mai musun cewa abin da ya sami wannan yanki ya isa ya sa kowa ya riƙa ganin baƙi-baƙi. A watan Yulin 2018 'yan bindiga suka auka wa ƙauyen Tabanni da ke gundumar Gandi a ƙaramar hukumar Rabah, suka kashe fiye da mutum 30. A watan Satumban 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Wurno da Rabah da Goronyo, aka kuma katse layukan waya a yankunan da abin ya fi shafa. Duk da haka, ranar Lahadi 17 ga Oktoba, 2021, aka buɗe wa mutane wuta a kasuwar Goronyo, fiye da mutum 40 suka rasa rayukansu. A 2024 gwamnatin Ahmed Aliyu ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha domin ta dafa wa sojoji da 'yan sanda. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah: waɗanda suka yi wannan ta'asa, da wuƙar aljihu suka zo? Bisa babura suka zo, da bindigogi masu sarrafa kansu. Idan aka gaza tare mai bindiga a daji, sannan aka koma ana zazzage aljihun manomi a bakin hanya, to an bar jaki ana dukan taiki.

Sai dai adalci ya wajabta mini in faɗi ɗaya ɓangaren. Wuƙa tana kisa, kuma ta kashe mutane da yawa a garuruwanmu. Abin da 'yan daba da masu ƙwacen waya suka yi wa Kano ya kai ga a 2023 majalisar tsaron jihar ta ayyana ƙwacen waya a matsayin fashi da makami, kuma galibin waɗannan yara wuƙa ce abin aikinsu. Mun sha jin 'yan sanda sun kama maƙeran da ke ƙera wa 'yan daba makamai. Mun kuma sha jin gardamar da ba ta taka kara ta karya ba, a wurin biki ko a tashar mota, ta ƙare da gawa saboda wani yana da ƙarfe a ƙugu. Saboda haka jami'in da ya tsare matashi da doguwar wuƙa mai baki biyu a ɓoye cikin wando, ranar kasuwa, bai yi laifi ba, aikinsa ya yi. Matsalar ita ce ba a ba wannan jami'i ma'aunin da zai bambance wancan matashi da dattijon da ke dawowa daga fadama ba.

Dokar tarayya ta 1984 kan fashi da makami ta bayyana abin da take nufi da makamin cutarwa, inda ta lissafa kwari da baka da mashi da adda da wuƙar suka da kulki, sannan ta haɗa da duk wani itace ko ƙarfe ko kwalba ko dutse da za a iya cutar da mutum da shi. Wannan faɗin ma'ana yana da amfani a gaban alƙali, lokacin da ake shari'ar wanda ya riga ya yi fashi. Amma idan aka ɗauko shi aka kai bakin hanya, to babu manomin da zai tsira, domin fartanya ma ƙarfe ce. Inda doka ta bar giɓi, son zuciya ne ke cike shi. Wanda ke da 'yan canji ya wuce da wuƙarsa, wanda ba shi da su ya bar ta a nan, ko ya yini a tsugune cikin rana.

Wasu ƙasashe sun fuskanci wannan tambaya, sun kuma amsa ta a rubuce. A Ingila, sashe na 139 na dokar shari'ar laifuka ta 1988 ya haramta yawo da abu mai kaifi ko tsini a bainar jama'a, amma ya keɓe wuƙar aljihu mai naɗewa wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba, wato kimanin santimita 7.6. Daga baya kotunansu suka fayyace cewa wuƙar da ke da makulli, wadda idan an buɗe ta ba ta rufuwa sai an danna wani abu, ba ta cikin wannan sassauci. Wanda aka kama da wuƙar da ta wuce wannan iyaka kuwa yana da damar kare kansa idan ya nuna ƙwaƙƙwaran dalili, kamar aikinsa ko addininsa ko suturar gargajiyarsa. Ba ina cewa mu kwafo dokar Ingila sukutum ba ne, domin Landan daban, Gandi daban. Abin koyi a ciki shi ne, ɗan sanda da ɗan ƙasa duk sun san ma'aunin, kuma da ɗan abin awo za a raba gardama.

Me ya sa aka fifita mai naɗewa? Dalilin yana cikin ƙirarta. Bakinta yana kwance ne a cikin mariƙinta, saboda haka ba ta buƙatar kube, ba ta yaga aljihu, ba ta kuma yanki yaron da ya laluba rigar babansa. Kafin a yi amfani da ita sai an ciro ta, an sa hannu biyu an buɗe, kuma wannan ɗan jinkiri kan isa zuciya ta sauka. Bugu da ƙari, wadda ba ta da makulli, wani ɗan ƙarfe mai tauri ne a bayanta ke riƙe bakin a buɗe. Yana riƙewa sosai idan ana yanka, amma wanda ya yi nufin suka da ƙarfi, bakin na iya naɗowa ya datse masa yatsu. Wato ƙirar da kanta ta karkata ga aiki, ta juya wa faɗa baya. Wannan shi ne bambancinta da doguwar wuƙa mai baki biyu, wadda ba ta feraye rake da kyau, ba ta fiƙe alƙalami, aikinta ɗaya ne tak.

Abin takaici shi ne, kusan duk wuƙa mai naɗewa da ke kasuwanninmu daga waje aka shigo da ita, galibi mai arha wadda ke dakushewa kafin a gama cirar albasar bana. Alhali waɗanda suka yi suna a duniya da wannan sana'a daga ƙaramar maƙera suka fara. Joseph Opinel ya fara ƙera tasa a 1890 a yankin Savoie na Faransa, domin manoma da makiyayan tsaunukansu, kuma har yau ana sayar da ita da lambobi gwargwadon girma. Karl Elsener ya buɗe shagonsa a 1884 a ƙauyen Ibach na Siwizalan, shi ne ya zama kamfanin Victorinox mai jar wuƙar da ke rataye a makullan da yawa daga cikinmu. Wuƙar Okapi kuwa tun 1902 aka fara yin ta a Solingen ta Jamus musamman domin kasuwar Afirka, kafin aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Haka ita ma Douk-Douk, wadda aka fara ƙerawa a garin Thiers na Faransa a 1929, ta sami karɓuwa ne a ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka. Fiye da shekara ɗari ke nan Bature ya gane cewa baƙar fata na buƙatar wuƙar aljihu, yana kuma cin kasuwar, mu kuwa muna zaune da maƙeranmu.

Kada wani ya ce maƙeranmu ba za su iya ba. Na zauna a rumfunansu ina tattara kalmomin sana'a, na ga yadda suke mayar da tsohon sifirin mota ya zama lauje ko wuƙar da ke aske gashin hannu. Sun san gawayin ƙirya ya fi kowane riƙe wuta, sun san launin da ƙarfe zai yi kafin a tsoma shi a ruwa ko mai domin ya yi tauri, sun kuma san idan taurin ya yi yawa bakin zai riƙa ɓantarewa, dole a sake ɗumama shi kaɗan. Wanda ya mallaki wannan ilimi tsakanin zuga-zugi da uwar maƙera da masaba da awartaki, haɗa baki da mariƙi a kan ƙusa ɗaya ba zai gagare shi ba. Unguwar Maƙera Assada da ke birnin Sakkwato shaida ce cewa sana'ar tana da tushe a nan. Ga ƙaho da icen marke na yin mariƙi, ga dukawa da fatar jar akuyar Sakkwato, wadda duniya ta daɗe da sani, da za su ɗinka mata 'yar jaka. Wuƙar da maƙeri ya yi wa mutum daidai hannunsa da aikinsa, masunci da irin tasa, malami da irin tasa, tana daɗewa har a gaje ta, kuma mai ita ba ya wasa da ita a titi.

Wannan ba sabon tunani ba ne a ƙasar nan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mayar da Wurno ribaɗinsa, ya rasu a can a 1837, kabarinsa ma yana can, ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje nasiha kan mulki a littafin Usulus Siyasa. Daga cikin abin da ya hore shi da shi akwai kula da masu sana'a, irin su manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa, da tabbatar da cewa kowane gari ya sami nasa. Shi da ya zauna a bakin daga, ya fahimci cewa garin da ke da sana'a ya fi wuyar ci. Abin kunya ne a ce a ƙasar Bello, kuma a mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, wato Rabah, maƙeri ya koma wanda ake yi wa kallon mai laifi.

Don haka ina da shawarwari huɗu. Ta farko ga Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato: ta yi doka gajeriya, a kuma fassara ta da Hausa da Fulfulde, a boko da ajami, wadda za ta halatta wa baligi riƙe wuƙa mai naɗewa da ba ta wuce wani tsawo da za a ƙayyade ba, ta amince da uzurin sana'a ga mahauci da wanzami da masunci da makiyayi a kan hanyar aikinsu, sannan ta haramta kowace irin wuƙa a makarantu da tarukan siyasa da wuraren bukukuwa. A karanta ta a rediyo, a maimaita ta a masallatan Juma'a da ranakun kasuwa.

Ta biyu ga sarakunan maƙera da hakimai: kowane maƙeri ya sami tambarinsa da zai riƙa bugawa a jikin abin da ya ƙera, a ajiye jerin tamburan a wurin Sarkin Maƙera. Mai tambari ba zai yarda ya ƙera wa ɗan daba gariyo ba, domin ya san sawun zai dawo ƙofarsa, kuma tambarin ne zai zama tallarsa idan aikinsa ya yi kyau. Amma ina gargaɗi, kada a mayar da wannan rajista wata sabuwar hanyar tatsar haraji, domin ranar da aka sa mata kuɗi, ranar ta mutu.

Ta uku ga shugabannin jami'an tsaro da na rundunar tsaron al'umma: duk abin da aka karɓa daga hannun mutum a rubuta shi, a ba shi shaida, kuma ma'auni ya zama ɗaya ga kowa. A nan ne nake so mu, 'yan boko masu karanta wannan shafi, mu dubi kanmu. Da yawanmu muna da wuƙar Victorinox a cikin mota, kuma babu wanda ya taɓa tambayar mu dalili, saboda shaddar da ke jikinmu ta amsa tambayar tun kafin a yi ta. Wanda ake saukewa daga bayan a-kori-kura shi ne mai tsohuwar riga, ko Bafulatani mai sanda, wanda kamanninsa kaɗai sun isa a tuhume shi. Zargin mutum saboda kamanni ko ƙabila yana cikin abubuwan da suka rura wutar da muke ciki, kuma duk wanda aka wulaƙanta yau ba zai kawo rahoton 'yan bindiga gobe ba.

Ta huɗu ga masu riƙe wuƙar kansu. 'Yanci yana tafiya da nauyi. Wuƙar aiki a aljihu take zama a naɗe, ba a fito da ita ana gardama, ba a nuna mutum da ita ko da raha, ba a ba yaro ya tafi da ita makaranta. Idan za a miƙa wa wani, a rufe ta ko a ba shi ta wajen mariƙi. A riƙa wasa ta, domin dakusasshiyar wuƙa ita ce ke zamewa ta yanki mai ita, a goge ta bayan an yanka albasa ko lemo, a shafa mata ɗan mai saboda tsatsa. Kada kuma wani ya ruɗi kansa cewa wuƙar aljihu kariya ce daga mai bindiga. Wanda ya ɗauke ta da wannan niyya ya riga ya fitar da ita daga sahun kayan aiki.

Jama'a, mutanen Wurno da Rabah da Goronyo sun rasa abubuwa da yawa a 'yan shekarun nan: 'yan'uwa da dabbobi da gonaki da barcin dare. Bai kamata a ƙara musu da fargabar kayan aikinsu ba. Wuƙa da nama dai suna hannun 'yan majalisa da masu sarauta, kuma abin da ake nema a gare su bai fi shafi biyu na doka da tambarin ƙarfe ba. Allah Ya ba su ikon yi, Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, Ya mayar da kowa gonarsa lafiya, amin.